Ranar da Metiron Ta Ce Sannu

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta daminar bara ba, kuma ko allurar mantuwa aka ɗirka mini ba na jin za ta kama ni. Ranar ce Metiron ɗinmu ta ce wa marar lafiya sannu, saura ƙiris mu rasa shi. Ku da kuka zo koyon aiki bana, ku gyara zama. Duk wanda ya ba ku labarin nan in ba ni ba, ƙanzo ya ba ku, don komai a gabana aka yi.

Sunana Nafi'u, amma a asibitin nan in ka ce Nafi'u kake nema sai a ce maka ba a san shi ba. Ka ce Rediyo, ko akuyar bakin ƙofa za ta nuna maka ni. Metiron ce ta raɗa mini, wai tun da na zo ba a taɓa samun inda ake kashe ni ba. Ina shekara goma sha takwas makarantar koyon aikin lafiya ta turo mu nan ƙasar Rano, aka jefa ni ɗakin maza.

Bari in jera muku yadda girma yake a ɗakin, don kada ku yi ɓatan kai. A sama akwai likita, shi kamar hadari yake, ya taso, ya zuba, ya wuce. Ƙarƙashinsa a takarda, samansa a zahiri, akwai Metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya. Sai nas-nas. Sai atanda masu ɗaukar marasa lafiya da gyaran gado. Sai masu shara, sai tsintsiyarsu, sannan mu ɗalibai. Aikinmu auna zafin jiki, auna hawan jini, miƙo wannan, mayar da wancan, da karɓar laifin duk abin da ya fashe.

Metiron ɗin ita ce Hajiya Rakiya. In ta tsaya a ɗakin maza ta ce, "Wa ya zubar da ruwa a nan?" a ɗakin haihuwa ake fara ba da haƙuri. An ce ta taɓa daka wa wani mai ciwon ƙafa tsawa ya miƙe ya kai bakin titi kafin ya tuna da sandarsa. Ba ta kiran marar lafiya da sunansa, sana'arsa take kira: kai mahauci, kai tela, kai mai rake. Amma fa kada ku ɗauka muguwa ce. Ba a taɓa tsallake wa mutum magani a ɗakinta ba, kuma wanda ba shi da mai jinya daga kwanonta yake ci, tana ba shi tana yi masa faɗa.

To, sai aka tura ta bita Kano. Ta dawo ta tara mu a ofishinta, ta ce:

"An koya mana cewa ciwo ba a jiki kaɗai yake ba. Mutum zai zo da ciwon ciki, amma tsoro ne ke hana shi barci, ya hana shi ci, ya tayar masa da jini. Daga yau duk wanda za a yi wa tiyata sai an tambaye shi damuwarsa tukuna."

Ta karanto mana ƙa'idojin. Kada ka tsaya a kansa kamar soja, ka zauna. Ka kare shi daga idon jama'a. Ka sassauta murya. Ka tambaye shi barci, ka tambaye shi abinci, ka tambaye shi abin da ke tsaye masa a rai. Ka ce ya kwatanta nauyin damuwar daga ɗaya zuwa goma. In ta yi nauyi a sanar da likita, a nemi hanyar sauƙaƙa masa.

Na ɗaga hannu. "Metiron, sassauta muryar nan har da ke?"

"Kai, Rediyo!" Sai ta tuna da bita. Ta haɗiye sauran, ta yi murmushi. "Har da ni, Nafi'u, ɗana."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Wanda ƙaddara ta faɗa wa a fara da shi shi ne Baba Haladu Direba, mutumin Rurum Sabon Gari. Tun kafin a yaye babana yake jan mota tsakanin Rano da Kano. Ƙaba ce ta kawo shi, wato hanji ne ke leƙowa ta inda naman mara ya yi rauni. Ta taɓa shaƙe masa, aka kawo shi yana birgima, da kyar aka mayar da ita. Likita ya gaya wa iyalinsa ƙarara cewa in ta sake shaƙewa yana ƙauye, da daminar nan da hanya kan yanke, ba lallai a iso da shi da rai ba. Likitan tiyata kuwa daga Kano yake zuwa, ranar Alhamis kaɗai, kuma ba ya taɓa wanda jininsa ya hau. Wanda ya rasa ranarsa sai layi ya sake zagayowa kansa. Alhamis ɗin da ke bin Larabar nan ita ce ta Baba Haladu.

Mutumin nan ba ya kama da mai damuwa. Shi ke ba ɗaki labarin yadda ya tsere wa 'yan fashi da ribas, motar cike da buhunan dawa, yana cin goro. Kullum safiya sai sun kara da Metiron.

"Kai direba, wa ya ce ka sauka daga gado?"

"Hajiya, mota ma in ta daɗe a fake tsatsa take yi."

"To ka yi tsatsar a kwance!"

Sai ya koma yana dariya, ya ce wa matarsa Inna Kande, wadda ke jinyarsa, "Da matar nan a tasha take, da babu direban da zai tsallake layi."

Larabar nan da hantsi Metiron ta ce, "Nafi'u, turo labule." Akwai wani koren labule mai taya da ke jingine a lungun ɗakin. Nauyi gare shi kamar ƙofar gari, shi ya sa ba kasafai muke taɓa shi ba. In za a wanke ciwo, zane muke riƙewa. Ɗaya daga cikin tayoyinsa kuma kuka take. Na fara turawa, ta ce ƙiiii. Ɗakin da ake ta hira ya yi tsit. Na ga wani ya ajiye cokalin kokonsa a hankali. Ni kuwa ina ta ƙwambo, na zaci girmama sabon tsari suke.

Na kewaye gadon Baba Haladu. Metiron ta jawo kujera ta zauna, ta kwantar da kai gefe, ta fito da wata murya da ban san tana da ita ba, siririya kamar ta mai lallashin jariri.

"Sannu, Baba Haladu. Yaya ƙarfin jikin?"

Ya waiga bayansa ya ga ko akwai wani Baba Haladun. Babu kowa sai bango.

"Alhamdulillahi," ya ce.

"Kana samun barci kuwa?"

"Alhamdulillahi."

"Abinci yana shiga?"

"Alhamdulillahi."

"In akwai abin da ke tsaye maka a rai, naka ko na iyali, ka gaya mini. Babu mai ji."

Ya dubi labule, ya dube ta, ya dube ni. Ni kuma na tuna an ce a nuna tausayi a fuska, sai na langaɓe kai na yi kalar tausayi iyakar iyawata.

"Babu komai, Hajiya. Mun gode Allah."

"Daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ce damuwarka ta kai?"

"Duk wadda kika ga ta dace."

Ta miƙe ta gyara masa matashi da hannunta, ta ƙara masa wani sannun a kan na farko. Muna fita ta ce mini, "Ka gani? Cikin natsuwa. Ba shi da damuwa." Ta wuce ɗakin mata don ta rarraba musu nasu sannun.

Da azahar na zo auna jini. Na ɗaura masa abin awo, na hura, na saki. Na ce injin ya lalace. Na gwada a hannuna, lafiya lau. Na sake gwadawa a nasa. Jinin Baba Haladu ya hau kamar farashin taki da damina. Ga tuwonsa a rufe bai taɓa ba, ga shi kwance ya kalli gabas yana jan carbi, mutumin da ko a cikin barci ba ya rasa labari. Inna Kande ba ta nan. Na tambaya aka ce ya aike ta tasha.

Lokacin wayar hannu ba ta kai Rurum ba, amma saƙon da aka ba direba ya fi waya sauri. La'asar ba ta yi sanyi ba sai ga motoci suna ta tsayawa a ƙofar asibiti. Rurum Sabon Gari ta taso kwanta da kwarkwatarta. Mai gadi ya zaci wani ɗan takara ne ya zo dubiya, har ya gyara hula ko za a yi rabo. Maza suka cika ɗaki, mata suka cika baranda suna sharar hawaye da bakin mayafi. Direbobi suka yi layi kamar masu jiran lodi, kowa ya iso gado sai ya durƙusa.

"Haladu, ka yafe mini fasinjojin da na janye maka ranar kasuwa."

"Na yafe."

"Haladu, jak ɗinka na ɗaga mota da ya ɓata shekarun baya, yana gidana."

"Na yafe. Dama na sani."

Wata tsohuwa kuma ta samu gindin gado ta zauna tana lissafo masa duk wanda ƙaba ta kashe daga nan har Kibiya, da irin kyan da gawarsu ta yi. Can na ji Baba Haladu yana cewa, "Kande, ɗaure kayan nan. Gara in cika a ɗakina."

Na ruga wajen maƙwabcin gadonsa, Malam Iro mutumin Madachi. Shi faɗuwa ya yi daga babur, aka rataye masa ƙafa, ya daɗe a ɗakin har ya fi wasu nas-nas sanin inda ake ajiye almakashi.

"Malam Iro, me ke faruwa? Wa ya ce mutumin nan mutuwa zai yi?"

Ya dube ni a kaikaice. "Yaro, kada ka mai da ni ƙaramin mutum. Kai ka turo labulen."

"To sai me?"

"Ku ma'aikata ne, kuna shiga kuna fita. Mu mazauna ne, ba mu da aiki sai kallonku. Tun da na zo ɗakin nan, wa aka taɓa kewayewa da koren nan ya fito da ƙafarsa? Ita kuma Hajiya, wa ta taɓa jawo wa kujera ta ce masa sannu, in ba wanda ya kama hanya ba? Har da gyara matashi fa! Shi kansa Haladu ya ce, in ɗan sanda ya tare ka yana murmushi, to ka san babu motar."

"Ai sabon tsari ne aka kawo daga Kano."

"To Allah ya sa kada tsarin ya iso gadona."

Sai a lokacin na tsaya na yi tunani, na ga gaskiyarsa. Mu ba mu taɓa lura ba. Labulen nan sai rai ya zo fita muke wahalar turo shi, Metiron kuma sai a bakin gadon mai gargara muryarta take yin laushi. Muka haɗa wa bawan Allah abu biyun nan a safiya ɗaya, da fuskata ta uku.

Na zuba da gudu neman Metiron, amma Inna Kande ta riga ni. Na tarar ta zube a gabanta a baranda, ta riƙe mata gefen riga.

"Hajiya, don girman Allah kada ki ɓoye mini. Zai kai Juma'a?"

"Wa?"

"Malam, maigidana."

"Me ya same shi? Wa ya ce miki wani abu zai same shi?"

"Ke, Hajiya. Kin ce masa sannu."

Jama'a, na ga bitar Kano tana fita daga jikin Metiron kamar zazzaɓi. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta nufi ɗakin maza, ƙasa tana amsawa.

"Wane ne ya mai da mini ɗaki tashar mota?"

Ban san mutane sun iya fita da sauri haka ba. Wani direba mai tumbi ta taga ya bi, tagar da ko ni sai na karkace. Tsohuwar nan mai lissafin gawa ta bar takalminta ɗaya, har yau ba ta dawo nema ba. Metiron ta tsaya a kan Baba Haladu, hannu a ƙugu.

"Kai direba! Wa ya ce ka ɗaure kaya? Rai a hannun Allah yake, amma ni ban ga alamar tafiya a jikinka ba. Ƙaba ce da kai, ƙaba! Tashi ka ci tuwon nan kafin in ɗura maka shi ta hanci!"

Fuskar Baba Haladu ta washe kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya juya ga matarsa. "Kande, kin ji? Ta ce mini kai direba."

Malam Iro ya ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi. Hajiya ta samu lafiya."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har masu ɗinki a ciki suna riƙe wurin suna cewa wayyo. Ni na ɗauka an gama. Amma da na sake aunawa bayan an ba shi maganinsa, jinin ɗan kaɗan ya sauko. Tuwon loma biyu ya yi ya ture. Ƙullin kayan nan kuma yana nan a ɗaure a gindin gado. Ya ce wa Metiron, yana kallon ƙasa, "Hajiya, na yarda ba yau ba ne. Amma aikin nan a bar shi sai bayan kaka. Gobe da safe zan koma gida."

Ba ta yi masa tsawa ba. Ta yafito ni muka fita baranda.

"Rediyo, labulen nan ba shi ya kawo tsoron ba, tarar da shi ya yi. Abin da aka koya mana gaskiya ne, akwai abin da ke cin mutumin nan. In ya tafi da ƙabar nan, ina tsoron yadda za a dawo mana da shi. Ni ba zai gaya mini ba. Namiji ne, kuma ya riga ya cika ɗaki da labarin jarumtaka. Kai sa'an jikansa ne. Bakin nan naka da ya ishe ni, yau zai yi rana. Je ka tsokane shi."

Tun da aka haife ni ba a taɓa ba ni aikin da na ƙware a kai irin wannan ba. Na je na ɗare ƙarshen gadonsa, na jawo ledar dabinon da 'yan dubiya suka bari na fara ci.

"Baba, ashe fasa tafiyar ka yi? Ni da na gama shiri. Inna ta ce dama ni take so, ta gaji da tsoho. Motar ma na samo mata sabon fenti."

Inna Kande ta rufe baki da mayafi. "Ka ji ɗan nema! Angon da ko gemu babu."

"Kai?" in ji Baba Haladu. "Kai ko amalanke aka ba ka sai ka kai ta rami. Ajiye mini dabino."

"Ai magana ta zaga asibiti. An ce wanda ya tsere wa 'yan fashi da ribas, yanzu wuƙar likita zai tsere wa da giya ta biyar."

"Wuƙa? Ni da ƙarfe ya tsarge mini ƙafa a hanya na ɗaure da tsumman goge inji na kai fasinja Kano?"

"To allura ce. Kada ka ji kunya, Baba, ni zan riƙe maka hannu. In ka yi kuka ba zan gaya wa Inna ba."

Na jira ya ɗauko mini wani zagin. Bai ɗauko ba. Ya juya carbinsa, ya ce, "Kande, ɗebo mini ruwa a famfon waje, na nan ya yi ɗumi." Sai da ta fita ya matso da kansa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ba allurar ba ce, yaro. Barcin ne."

Na ajiye dabino.

"Tun da na san mota ban taɓa runtsawa wani yana ja ba. Na ga haɗari iri-iri a hanyar nan. Wanda idonsa biyu, ko ƙiftawa ɗaya ya samu, yana yin salati, yana yin kalma. Mai barci fa? Na taɓa ciro wani bawan Allah daga cikin mota, fuskarsa lumui, kansa a jingine yadda ya kwanta. Bai san ya tafi ba. Mutuwa ba ta ba ni tsoro, dole ce. Amma a kwantar da ni kamar buhu, harshena a ɗaure, in wuce ban ce komai ba? Tun ranar da aka ce mini tiyata rabona da barcin kirki. Labaran nan da nake ba ku, don kada in yi shiru ne in tuna."

A karon farko tun zuwana asibitin nan, Rediyo ya ɗauke. Da kyar na tuna da sauran aikina.

"Baba, daga ɗaya zuwa goma, nawa ta kai?"

"Ka taɓa ganin motar ranar kasuwa, an cika ciki, an ɗora awaki a sama, yaran mota suna lilo a baya? To haka."

"In gaya wa Metiron?"

"Ita kaɗai. In Iro ya ji, sai na karya maka ƙafa an rataye ka kusa da shi."

Kada wani a cikinku ya ce na tona asirin marar lafiya. Ranar ban gaya wa kowa ba sai Metiron. Yanzu kuwa shi da bakinsa yake ba da labarin a tasha, kuma gishirinsa ya fi nawa yawa.

Metiron ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta tafi wajen ma'aikacin da ke ba da allurar tiyata, suka yi magana, ta dawo. Ba ta nemi labule ba. Daga bakin ƙofa ta ƙwala, "Kai direba, taso ka motsa ƙafa, ka wani kwanta kamar kayan wanki!" Ta tasa shi gaba har gindin darbejiyar da ke bayan ɗaki, inda babu kowa, ni ina biye da kujera.

"Wa ya ce maka barci za a sa ka?"

"Ba haka ake yi ba?"

"Ba kowane aiki ba. Naka allura ce a baya. Daga cibiya zuwa ƙasa zai mutu na ɗan lokaci, daga cibiya zuwa sama naka ne. Idonka biyu, bakinka a sake. Za ka ji ana taɓa ka, ba za ka ji zafi ba. In ka ga dama ka yi ta salati har a gama."

"In kuma allurar ta ƙi ci?"

"In dole ta sa sai an sa ka barci, ni zan tsaya a kanka. Babu mai taɓa ka sai ka gama kalmarka, ka ce mini ka shirya. Na yi maka alkawari."

Ya ce, "To me ya sa ba a gaya mini ba tun farko?"

"Me ya sa ba ka tambaya ba? Na zauna ina ta tambayarka, kana ta jera mini alhamdulillahi kamar an biya maka allo!"

"Hajiya, ai da muryar wata kika tambaye ni. Ni ban san matar ba."

Metiron ta juya mana baya tana gyaran kallabi, amma na ga kafaɗunta suna rawa saboda dariya.

Muna komawa ya ce Inna Kande ta kwance kaya. Ya cinye tuwon da ya huce, ya tambaya ko da saura. Washegari da safe na ɗaura masa abin awo. Jini ya sauko inda ake so. Likitan tiyata ya duba, ya ce a shigo da shi.

Metiron ta roƙa aka bar ni na tsaya wajen kansa. Aka yi allurar, aka kafa ɗan ƙyalle a kan ƙirjinsa don kada ya ga wurin aikin. Da farko salati yake yi, a hankali, idonsa a kan silin, har na ji nawa idon yana yaji. Da ya tabbata harshen nan nasa ne, babu mai ƙwacewa, sai direba ya farka.

"Likita, a hankali dai, kada ka yi gudu a kwana."

Likita ya ci gaba da aikinsa.

"Na ji kana ja ta hagu. Ta dama take, ni na san motata."

"Baba, na gan ta."

"Yaro, leƙa mini. In sun gama ka ƙirga sifanu, kada su rufe inji da ɗaya a ciki."

Likita ya ɗago ya dubi Metiron ta saman ƙyallen hancinsa. "Hajiya, wannan a ina kuka samo shi? Baba, don Allah koma kan salatin."

Aka gama lafiya. Ranar da aka sallame shi motocin nan suka sake cika ƙofar asibiti, wannan karon da guɗa. Mai jak ma ya zo, amma bai kawo jak ɗin ba, wai ai an riga an yafe masa a gaban shaidu.

Tambayar damuwa ba mu daina ba, kuma ku ma za ku yi ta. Sai dai yanzu kowa da muryar da Allah ya ba shi yake yi, wani a baranda, wani wajen sauya zanen gado, wani cikin tsokana. Kuma kafin a tambayi mutum abin da yake tsoro, sai an fara gaya masa dalla-dalla abin da za a yi masa, don rabin tsoron a nan yake kwance.

Abin da na koya shi ne, mutanen da ke kan gadajen nan sun fi mu karatu. Mu muna karanta zafin jikinsu sau biyu a yini, su suna karanta fuskarmu da tafiyarmu da muryarmu tun daga asuba. Kuma mutumin ƙasar nan zai iya ɗaukar kaya a zuciya har su karya shi bai ce wayyo ba, don kada a ce ya raina ni'imar Ubangiji. Saboda haka in kun tambayi marar lafiya ya ce alhamdulillahi, kada ku rufe littafi ku wuce gado na gaba. Gaskiya ya faɗa, amma da Allah yake magana. Ku taku amsar ba a ba ku ba tukuna.